Wata biyu ya sha, ya ajiye

Jiya na koma gida na kasa cin tuwo. Wani tela ne daga wani lungu a bayan Kasuwar Kurmi, bara muka ɗora shi a kan maganin tarin fuka na wata shida. Wata biyu ya sha, tari ya lafa, kumatu suka ciko, sai muka neme shi muka rasa. Na buga waya har na gaji. Na taka har ƙofar gidan, aka ce ya tafi Legas nema. Da tarin ya dawo masa a can, wani mai kemis ya riƙa ƙirga masa jan kafson rifampicin shi kaɗai, na ɗari biyar yau, na ɗari uku gobe. Wallahi irin waɗannan masu kemis ɗin ke rusa mana aiki.

Makon jiya ƙaninsa ya kawo shi ranga-ranga a adaidaita. Aka sa kakinsa a na'urar gwaji ta GeneXpert: ƙwayar ta daina jin rifampicin. Jiya sakamakon 'yarsa mai shekara tara ya fito, ita ma haka. Yarinyar nan ba ta taɓa shan maganin ba balle ta yi wasa da shi, a ɗaki ta shaƙa. Na ga ɗakin da idona, mutum bakwai, 'yar taga ɗaya an toshe ta da kwali saboda sanyi. Uban yana ta cewa, "Sista, ku yafe mini." Na rasa abin da zan ce masa.

An fi jin labarin wannan nau'in da ba ya jin magani a Indiya da Rasha, amma Najeriya ce kan gaba a Afirka wajen yawan masu tarin fuka, kuma cikin birni gida manne da gida yake, ga zaurukan almajirai da ake kwana a cushe. Wanda ya taɓa katse magani da mai kwana ɗaki ɗaya da shi su suka fi shiga haɗari, sai mai ƙanjamau da mai ciwon suga.

Tari ya kai mako biyu, a je a ba da kaki, gwaji da magani kyauta ne, ga Asibitin Zana nan. Kada a sayi maganin tarin fuka a kemis. Jin sauƙi ba warkewa ba ne, kada a katse. In tafiya ta kama, a faɗa mana mu rubuta takarda zuwa asibitin can. A buɗe taga. Don Allah kada a katse.

Ranar Litinin yarinyar za ta fara nata, ga sauran mutum biyar na ɗakin da ba a kawo mana su ba tukuna.