Jiragen Ƙasan Da Ba Sa Ɗaukar Fasinja

Darasinmu na wannan mako ya shafi wani irin jirgin ƙasa da ake kashe wa maƙudan kuɗi, amma ba a sayar da tikitinsa. Injiniyoyi ne ke shiga, da kwamfutoci da na'urorin awo. Aikinsa shi ne ya yi gudun da ya wuce kima, domin a gano abin da zai fara lalacewa tun kafin a ɗora rayukan jama'a a kai.

Mu fara da Faransa. Ranar 3 ga Afrilu, 2007, jirgin gwaji mai suna V150 ya yi gudun kilomita 574.8 a awa ɗaya, a kan sabon layin dogon da ya tashi daga Paris ya nufi gabashin ƙasar. Har yau babu jirgi mai tafiya da ƙafafun ƙarfe a kan dogo da ya kamo shi. Sunan nasa ma lissafi ne: an yi niyyar ya ci mita 150 a kowace daƙiƙa, wato kilomita 540 a awa, sai ya zarce. Taragu uku kacal aka sa tsakanin kawunansa biyu. An ƙara faɗin ƙafafunsa daga santimita 92 zuwa 109, an kuma ƙara ƙarfin wutar layin daga bolt 25,000 zuwa 31,000.

Amma a ganina abin da ya fi ban sha'awa shi ne wayar lantarkin da ke sama. Jirgin yana da wani hannun ƙarfe a rufinsa, wanda ke gogar wayar yana ɗebo wuta. Wannan hannu yana ɗan ɗaga wayar, sai motsi ya riƙa gudu a jikinta yana yin gaba. Ku gwada da igiyar shanya: ku doke ta a gefe ɗaya, za ku ga motsin ya tafi har ɗaya gefen. To, idan jirgi ya kusa cim ma wannan motsi, hannun zai riƙa rabuwa da waya, wuta ta yi tartsatsi, wayar ma tana iya tsinkewa. Maganin shi ne a ɗaure ta tamau. Duk wanda ya taɓa ganin mai garaya yana ɗame tsirkiya ya san yadda sautin ke ƙara kaifi, kuma dalilin ɗaya ne: motsi ya fi sauri a igiyar da aka ja sosai. Haka injiniyoyin suka yi wa wayar kafin ranar gwaji. Da aka buɗe layin ga jama'a a wannan shekara, gudun jiragen bai wuce kilomita 320 ba. Tazarar da ke tsakanin 320 da 574 ita ce kwanciyar hankalin fasinja.

Matsalar Japan daban ce. Ƙasa ce mai duwatsu, layukanta cike suke da ramukan da aka huda ta cikin tsauni. Idan jirgi ya afka rami a guje, yakan tunkuɗa iskar ciki kamar sandar famfon keke, iskar ta fito ta ɗaya bakin da ƙara kamar harbin bindiga, ta firgita mazauna kusa. Shi ya sa jirgin gwajinsu ALFA-X, wanda ya fara fita a 2019, yake da hanci mai tsawon mita 22 a kai ɗaya, da mai mita 16 a ɗayan, don a kwatanta wanda ya fi ratsa iska a hankali. Yawancin gwajin da dare ake yi, bayan jiragen fasinja sun gama aikin ranar.

Ba kullum gwaji ke cewa "e" ba. Jirgin Fastech 360 na 2005 an yi masa birkin iska, wasu faifai da ke miƙewa a rufi kamar kunnuwan kyanwa. An so a kai gudun 360, amma jirgin fasinjan da aka ƙera daga baya, E5, ya tsaya a 320, kuma babu kunnuwan a jikinsa. Shi ma TGV 001 na Faransa, a 1972 da injin mai shan mai ya yi gudun 318. Shekara na zagayowa farashin mai ya yi tashin gwauron zabi, sai aka koma lantarki.

Mai riƙe da kambu gaba ɗaya shi ne L0 na Japan, wanda maganaɗisu ke ɗaga shi sama da hanyarsa. Ya yi gudun kilomita 603 ranar 21 ga Afrilu, 2015.

Ga aiki ga masu son lissafi: tsawon dogon Abuja zuwa Kaduna kusan kilomita 186 ne. Minti nawa V150 zai yi a wannan tafiya, idan bai rage gudu ba? A miƙa amsa ga Ƙungiyar 'Yan Jarida kafin Juma'a.