Kwalli da Idon Jariri: Nazari a kan Wata Al'adar Haihuwa

Cikin al'adun haihuwa na Hausawa akwai sanya wa jariri kwalli, wanda wasu ke kira tozali. Tsofaffi sukan ce yana wanke ido, yana ƙara masa haske, yana kuma hana kwantsa. Manufar wannan ɗan nazari ita ce a auna wannan magana da abin da masana kiwon lafiya suka tabbatar.

Da farko ya kamata mu lura da cewa Bahaushe yana da kalmomi da dama game da ido, kamar kwantsa da hakiya da dundumi, amma kumburin idon jariri sabon haihuwa yakan shiga ƙarƙashin "ciwon ido" kawai, watau ba a ware shi da suna na kansa ba. Alhali kuwa mafi muninsa ba daga ƙura ko iska yake zuwa ba. Jariri yakan ɗauko shi ne daga uwa sa'ad da yake fitowa, in tana ɗauke da ciwon sanyi. Sunan nan ma yana ɓatar da mutane, domin babu ruwan sanyin gari da cutar. Ƙwayar cuta ce da ake ɗauka ta wajen saduwa, kuma mace takan ɗauke ta ba tare da ta ga wata alama ba. Albert Neisser ne ya gano ƙwayar a 1879.

A shekarar 1881 wani likitan haihuwa a birnin Laifzig na Jamus, Carl Credé, ya bayyana dabarar ɗiga ruwan sinadarin azurfa a idon kowane jariri da zarar ya faɗo. Masu kamuwa a asibitinsa suka ragu daga wajen kashi 10 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 1. A yau an fi amfani da man ido irin su tetirasaikilin ko eritiromaisin. Ana share idanun da tsabtataccen ƙyalle, sa'an nan a sa man sau ɗaya, nan da nan bayan haihuwa.

A nan ne al'adarmu take cin karo da cutar. Alamunta, watau kumburin fatar ido da zubar mugunya, sukan bayyana tsakanin kwana 2 zuwa 5, daidai lokacin da mai jego take ɗaka, dangi suna ta barka, hankali ya koma kan shirin suna. Fita da jinjiri kafin kwana bakwai abu ne da ake ƙyama. Sai a ce a ƙara masa kwalli, ko uwa ta tatsa masa nono a ido, a jira a ga abin da hali zai yi. Ita kuwa cutar tana iya huda baƙin ido cikin 'yan kwanaki, ta bar hakiya ko makanta. A ganina, ba a son zuciya ake jinkirin ba, rashin sani ne. In aka kai yaron asibiti da wuri, allura ɗaya takan yi maganin ƙwayar, amma dole a yi wa uwa da uba magani su ma.

Shi kansa kwallin yana da nasa lahani. Wanda ake niƙawa daga dutse mai ƙyalli yawanci darma ce a cikinsa, ita kuwa guba ce ga ƙwaƙwalwar yaro. A 2011 likitoci a birnin Bostan na Amurka suka sami darma a jinin wani jariri ɗan wata 6, ɗan asalin Nijeriya, da aka auna tozalin da ake sa masa sai aka tarar fiye da kashi 80 cikin ɗari darma ne. Bugu da ƙari, tsinken kwalli ɗaya yakan zaga idanun mutanen gida duka kafin ya iso na jariri.

Tun da yake har yanzu mata da yawa a gida suke haihuwa, ungozoma ce mutum ta farko da ke taɓa idon yaro. Ita ya kamata a koya wa wanke hannu da share ido, a ba ta man, a kuma ba ta bakin da za ta ce wa maigida a tafi asibiti yau, ko da saura kwana biyu suna.