Faɗuwar tsofaffi: yadda za mu kiyaye iyayenmu

Darasinmu na yau a kan faɗuwar tsofaffi ne. Yaro in ya faɗi, sai ya tashi ya kakkaɓe ƙura ya koma wasa. Tsoho kuwa, faɗuwa guda tana iya kwantar da shi har ƙarshen rayuwarsa.

A shekarar 2021, hukumar kiwon lafiya ta duniya, wato OMS, ta ce mutane wajen 684.000 suke mutuwa kowace shekara saboda faɗuwa. Waɗanda suka wuce shekara 60 su ne abin ya fi hallakawa. Cikin mutum 10 masu shekara 65 ko fiye, wajen 3 suna faɗuwa a shekara.

Me ya sa tsoho yake faɗuwa?

Da farko, ƙarfin ƙafa yana raguwa. Na biyu, ido yana dushewa, musamman in akwai yanar ido. Na uku, jiri. Tsoho in ya miƙe da gaggawa, jini ba ya saurin isa kansa, sai ya ga duhu. Wasu magungunan hawan jini da na barci suna ƙara jirin. Bayan haka, ƙashin tsoho yana rage ƙwari, tun ba na mace ba da ta daina haila. Shi ya sa ƙaramar faɗuwa take karya ƙugu ko wuyan hannu.

A ina haɗarin yake?

A ƙauye, akwai santsin bakin rijiya, da tsanin rumbu, da hawan jaki ko amalanke, da turke da igiyar dabbobi a tsakar gida. A birane kamar Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, akwai sumunti mai santsi a makewayi, da matakala, da magudanar ruwa marar murfi, da hawa da sauka daga kabu-kabu. Ƙauye da birni duka, dare ya fi haɗari, lokacin da tsoho yake fita kewayawa cikin duhu.

Me za mu yi?

1. Mu kawar da turmi, itace da igiya daga hanyar ɗakin tsoho zuwa makewayi.
2. Mu ajiye masa fitila da sanda kusa da shimfiɗarsa.
3. Mu kafa itace mai ƙwari a makewayi da wurin alwala, don ya samu abin dafawa.
4. Mu saya masa takalmi daidai ƙafarsa, wanda ƙasansa bai suɗe ba.
5. In ya farka, ya zauna ɗan lokaci kafin ya miƙe.
6. Hawan rumbu da gyaran rufin ɗaki aikin samari ne.
7. Mu ba shi nono, miyar kuka, zogala da riɗi, don suna taimakon ƙashi. Ya riƙa shan ruwa sosai, musamman da bazara.
8. Mu kai shi gidan likita a duba idonsa, a auna jininsa. Yanar ido ana yi mata aiki, gani ya dawo.

Kada tsoro ya sa mu hana tsoho motsi. Zama wuri ɗaya yana kashe ƙafa. Tafiya masallaci, kasuwa ko gaisuwar maƙwabta tana ƙara masa ƙarfi.

In tsoho ya faɗi fa?

Kada mu yi saurin fizgo shi. Mu tambaye shi inda yake masa ciwo. In ya kasa tsayuwa, ko ƙafa ɗaya ta gajarce ta juya waje, wataƙila ƙugu ya karye. Wannan ba aikin mai ɗori ba ne. Mu ɗauke shi a kwance zuwa asibiti, don doguwar kwanciya tana kawo gyambo da ciwon huhu. In ya bugi kai, mu sa masa ido. Amai, yawan barci ko ruɗewa, ko da bayan makonni ne, alama ce ta a gaggauta zuwa asibiti.

Tsofaffi da yawa suna ɓoye faɗuwarsu don kunya. Mu tambaye su cikin ladabi, domin wanda ya faɗi sau ɗaya ya fi kusa da sake faɗuwa. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Tambayoyi

1. Faɗi dalilai 3 da suke sa tsoho faɗuwa.
2. Wane wuri ne ya fi haɗari a gidanku? Me za ku gyara cikin wannan mako?