Na'urar Kallo ta Intanet da Cin Data: Amsar Wasiƙun Dutsin-Ma da Kurfi

Jama'a masu sauraro, ga mu a filin amsa tambayoyinku. Saƙonnin yau daga Dutsin-Ma da Kurfi suka fito, kuma duk a kan abu ɗaya suke, wato 'yar na'urar nan da ake jona wa talabijin a yi kallo ta intanet, wadda masu shaguna ke kira Android box, da kuma yadda take lashe data. Kamar yadda muka saba, mun sakaya sunaye. Bismillah.

Wasiƙa ta farko daga wani magidanci ce a garin Kurfi. Bayan gaisuwa ya ce: "Na ga na'urar a wani shago a Katsina. Mai shagon ya ce min in na saya na huta da biyan kuɗin wata. Talabijin ɗina tsohuwa ce. Shin in saya?"

To Malam, muna amsa gaisuwa. Mai shago ya faɗa maka rabin zance ne. Wannan na'ura ba ta kama tasha daga iska kamar eriya, ba ta kamawa daga tauraron ɗan adam kamar dish. Duk hoton da za ka gani ta intanet yake zuwa, kuma kowane minti data ce ke tafiya. Lamarin kamar sayen doki ne: kuɗin dokin sau ɗaya ake biya, harawa da dusa kuwa kullum ne. Kuɗin watan da ka guje wa a wajen dikoda zai biyo ka ta wajen data. Ka tuna kuma a watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara farashi har kashi 50 cikin ɗari.

Saboda haka kafin ka fitar da ko kwabo, yi gwaji biyu. Na farko, tsaya daidai inda talabijin ɗinka take, bayan sallar isha'i lokacin da kowa ya hau intanet, ka buɗe YouTube a wayarka, ka sa ingancin hoto a kan 720, ka yi kallon minti goma. In yana tsayawa yana juyi, to haka zai yi maka a talabijin, ko da na'ura mafi tsada ka saya. Gwada layin MTN da Airtel da Glo, don layin da ke da ƙarfi a bakin titin Katsina ba lallai ya yi ƙarfi a cikin ɗakinka ba. Kamfanin Netflix ya ce hoton 720 yana bukatar gudun megabit 3 a daƙiƙa, na 1080 megabit 5, na 4K kuwa 15. Shafin fast.com zai nuna maka gudun naka. Na biyu, leƙa bayan talabijin ɗin. In akwai ramin da aka rubuta wa HDMI, shi ke nan. In ramukan nan uku ne kawai, ja da fari da rawaya, sai ka nemi na'urar da ke da mafitarsu, ko ka ƙara da ɗan abin da ke juya HDMI zuwa wayoyi uku. Batun wuta kuwa da sauƙi, na'urar ba ta kai cin tsohon ƙwan fitila ba, ƙaramar sola ma za ta riƙe ta idan KEDCO sun ɗauke.

Wasiƙa ta biyu daga wata malamar makaranta ce a Dutsin-Ma. Ta ce: "Maigida ya sa mana giga 40 a rauta da nufin ta kai mu wata, ko mako ba a yi ba ta ƙare. Yara suna kallon Labarina da katun, ni kuma ina sauraron tafsiri. Anya ba sace mana data ake yi ba?"

Malama, Allah ya ba da haƙuri. Zo mu yi lissafi tare, tunda ke ma'abociyar alli ce. A ƙiyasin Netflix, awa ɗaya na kallo a matsakaicin hoto yana iya cin giga 1, a hoto mai kyau na HD har giga 3, a 4K har giga 7. YouTube ma haka tsarinsa yake, iya kyan hoto iya cin data. To a ce gidanku ana kallon awa uku kowane dare a HD. Giga 9 ke nan a dare guda, giga 270 a wata. Giga 40 ɗinku ba za ta kai ƙarshen dare na biyar ba. In kuma aka sauko da hoton zuwa 480, inda awa ke cin kusan rabin giga, awa ukun nan giga ɗaya da rabi ne, a wata kimanin giga 45. Kin ga tazarar da ke tsakanin 270 da 45, alhali fim ɗin ɗaya ne.

Abin da ya sa mutane ke mamaki shi ne sun saba da kallo a waya. Manhajar waya tana rage hoto in ta ga datar layi ce. Ita kuwa na'urar talabijin, da zarar ta ga Wi-Fi sai ta ɗauka intanet ɗin ba shi da iyaka, ta zaɓi hoto mafi kyau da sabis zai iya ɗauka. Ba ta san rautar gidanku giga 40 kawai ke cikinta ba.

Ga abin yi. A YouTube, ki danna alamar saiti a kan bidiyon ki zaɓi 480, ki riƙa dubawa kuma, don yakan koma sama da kansa. A talabijin mai inci 32, daga inda ake zama a falo, bambancin ba zai dame ku ba. Tafsiri kuwa murya ake bukata, 240 ma ta wadatar, ko ki saurara ta waya. A Netflix ana rage hoton ne daga saitin asusu. Sannan ki kashe tsarin nan da ke sa wani bidiyo ya fara da kansa in wani ya ƙare, domin yara kan yi barci su bar katun yana ta zuba har asuba. A kula, kashe talabijin da rimot ba lallai ya tsayar da na'urar ba, a fita daga manhajar tukuna ko a zare ta daga wuta. Ki shiga Play Store ki hana manhajoji sabunta kansu. Na ƙarshe, ki duba wayoyi nawa ne ke jone da rautar. Kalmar sirrin da aka ba yaro ɗaya, kafin Juma'a ta zaga layinku. A canza ta.

Ki riƙa danna *323# safe da dare na kwana uku kina rubuta abin da ya rage. In lissafi ya ƙi fita duk da haka, kira kamfanin layin a 300. In ba su warware ba, NCC na karɓar ƙorafi kyauta a lamba 622. In kuma maigida zai koma tsarin da ake tallatawa da cewa ba shi da iyaka, ya tambayi ƙa'idar, don galibinsu akwai adadin da in an kai ake rage gudu.

Saƙo na uku na wani ɗalibi ne a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma. Ya ce shi da abokan ɗakinsa sun haɗa kuɗi, sun ga wata na'ura mai araha da aka rubuta wa 8K a kwali, an ce akwai tashoshin ƙwallo kyauta a ciki, sun kuma ga ta Xiaomi da Fire TV Stick na Amazon da suka fi tsada. Wacce za su ɗauka?

Ƙanena, araha ba ta ado. Rubutun kwali ba hujja ba ne, da yawan marasa sunan nan abin da ke cikinsu bai kai abin da aka buga a jiki ba. Ka sa a kunna maka a shagon. In mai tsarin Google ce, ka shiga saitin Play Store ka ga ko an nuna Google ya tantance ta. Wadda ba a tantance ba takan ƙi buɗe Netflix, ko ta buɗe da dusasshen hoto. Ka nemi mai ƙwaƙwalwar aiki giga 2, ka gwada rimot, ka karɓi rasit. Kada ka biya kuɗin 4K alhali talabijin ɗinku da datarku ba za su ɗauka ba.

Akwai abin da ya fi wannan. A watan Yunin 2025 hukumar FBI ta Amurka ta yi gargaɗi kan wata muguwar manhaja mai suna BADBOX 2.0, wadda ake samu a cikin irin waɗannan na'urori marasa tantancewa, wani lokaci tun kafin a sayar da su. Tana ba wasu can nesa damar amfani da intanet ɗin gidanka ba da saninka ba. Ka ga a nan za a iya cewa ana jan data da gaske. Tashoshin ƙwallon da aka ce kyauta ne kuwa na sata ne, haƙƙin wasu ne, kuma ranar da aka toshe su ba ka da wanda za ka kama. Wasa ɗaya da hutun rabin lokaci kusan awa biyu ne, a HD ya tasam ma giga 6. Ku kwatanta kuɗin wannan da abin da ake biya a gidan kallon ƙwallo, ku yanke wa kanku hukunci.

Wasiƙa ta ƙarshe daga wani dattijo ce a wani ƙauye kusa da madatsar ruwa ta Zobe. Ya ce ɗansa ya aiko masa da na'urar daga Kaduna, ya ce a cire dish a sayar. Yana neman shawara.

Baba, Allah ya ƙara girma, ya yi wa yaron albarka. Amma a bar dish ɗin nan a inda yake. Ba ku manta ba, a watan Satumbar 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan saboda matsalar tsaro, har da Dutsin-Ma da Kurfi da Safana da Batsari, ba a buɗe ba sai wajen ƙarshen shekara. A watannin nan rediyo da dish ne suka riƙe mutane. Muna roƙon Allah kada ya maimaita mana, amma ko ba a rufe layi ba, sabis na ƙauye yau akwai gobe babu. Tashoshin kyauta irin su Arewa24, mai nuna Daɗin Kowa da Kwana Casa'in, da tashoshin wa'azi, dish zai kawo maka su dare da rana ba tare da cin ko megabait ɗaya ba. Ita na'urar a ajiye ta don abin da babu a dish: karatun wani malami da ya wuce ka, ko wani shiri da sai a YouTube ake samunsa. Jikoki kuma su sayi datar dare mai rahusa su sauke abin da suke so a waya, don saukewa a waya ake yi, manhajojin talabijin galibi ba sa ba da wannan dama.

To jama'a, agogo ya ce mu dakata. Wanda bai ji tasa wasiƙar ba ya yi haƙuri, tana nan a layi. Mai aiko da tambaya kan wannan batu ya taimaka ya rubuto sunan na'urarsa, da layin da yake amfani da shi, da awa nawa ake kallo a gidansa, don amsa ta fi fita daidai. A madadin wanda ya haɗa mana sauti, nake cewa Allah ya ba mu zaman lafiya a Katsina da ƙasa baki ɗaya. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.