Darasi: Mu Fara Lissafi Daga Ranar Ƙarshe

'Yan'uwa ɗalibai, malamai da 'yan ikkilisiya, dukanmu mun san baƙin cikin aikin da ya makara. Littafin shekara irin wannan, idan ya fito bayan 'yan ajin ƙarshe sun koma gidajensu, wahalar da aka sha ta tafi a banza. A wannan darasi za mu koyi hanyoyi biyu da masu tsara aiki da kwamfuta suke bi domin kauce wa haka.

Hanya ta farko ita ce lissafi da baya. Yawancinmu mukan tambayi kanmu yaushe za mu fara, sa'an nan mu yi fatan gamawa kan lokaci. Mai tsara aiki kuwa yakan rubuta ranar da tilas a gama, ya riƙa cire kwanakin kowane mataki har ya iso ranar farawa.

A ce ranar rabon kyaututtuka ita ce Asabar, 12 ga Yuli. Muna so littattafai su iso mako ɗaya kafin nan, wato 5 ga Yuli. Idan maɗaba'a tana bukatar mako 3, sai mu miƙa mata aiki ran 14 ga Yuni. Gyaran kurakurai na mako 2 zai fara ran 31 ga Mayu. Tattara rubuce-rubuce na mako 4 zai fara ran 3 ga Mayu. Ashe duk wanda ya jira har watan Yuni ya riga ya makara bai sani ba.

Wannan dabara ta daɗe. Kamfanin DuPont na Amurka ya yi amfani da irinta a ƙarshen shekarun 1950, domin gano jerin ayyukan da idan ɗaya ya makara, dukan aikin zai makara. A manhajar Microsoft Project, wadda ta fara fitowa a 1984, akwai wurin da za a zaɓi a tsara daga ranar gamawa. Mu faɗa mata tsawon kowane aiki da wanda yake jiran wani, ita kuwa ta fitar da ranakun. Amma mu lura: idan aka tsara haka, manhajar takan ajiye kowane aiki a ƙurarren lokacinsa. Saboda haka mu da kanmu za mu ƙara kwanakin rara, kamar makon nan da muka bari kafin biki. Mu kuma cire ranakun hutu da makon jarrabawa daga kalandarta, gama ba ta san su ba sai an gaya mata.

Hanya ta biyu ita ce ajiye samfuri. Idan mun gama, kada mu share jerin ayyukan. Mu gyara shi bisa ga abin da ya faru da gaske: in maɗaba'a ta ci mako 4, mu rubuta 4. Mu sa muƙamai a maimakon sunaye, kamar edita ko ma'aji, domin ɗalibai suna wucewa. Kwamitin baɗi sai ya buɗe samfurin, ya sa sabuwar ranar biki, sauran ranaku su daidaita. Inda babu kwamfuta, littafin rubutu da kalanda sun isa.

A Luka sura 14 Ubangijinmu ya koyar da cewa mai son gina hasumiya ya fara zama ya yi lissafin abin da za ta ci. Lokaci ma dukiya ne da aka ba mu amana.

Aikin gida: Ɗauki ranar jarrabawarka ta ƙarshe, ka lissafa babin da suka rage a darasi ɗaya, ka ba kowane babi kwanakinsa, ka ƙirga da baya. Wace rana ya kamata ka fara?