Shin Zanen Jiragen Leonardo da Vinci Sun Taɓa Tashi?

Duk lokacin da jirgin horo ya taso daga sansanin sojan sama ya ratsa saman Mando da Kawo, sai in tuna da Leonardo da Vinci, mutumin Italiya da ya rayu daga 1452 zuwa 1519. Mu da ke fama da furojet ɗin ƙarshe muna da darasi a cikin zane uku da ya bari.

Na farko jirgi ne mai kaɗa fiffike kamar tsuntsu, mutum ya motsa shi da hannu da ƙafa. Wannan ba zai tashi ba. A 1680 littafin Giovanni Borelli ya nuna cewa tsokar ɗan Adam ba ta da ƙarfin ɗaga nauyinsa ta wannan hanya. Mutum mai lafiya da ƙyar yake riƙe wat 200 zuwa 300 na tsawon sa'a, ko ƙaramin janareton masu cajin waya ya fi shi.

Na biyu wata murɗaɗɗiyar farfela ce ta yadin lilin, wadda ake kira kakar helikwafta. Mutane huɗu za su tsaya a kan dandamali suna juya ta. To, nauyinsu kaɗai ya kashe maganar. Ga kuma doka ta uku ta Newton: in ka juya farfela dama, dandamalin zai juya hagu. Shi ya sa helikwafta ke da ƙaramar farfela a wutsiya.

Na uku laimar sauka ce mai siffar dala. Ita ce ta ci jarrabawa, amma bayan shekara wajen 500. A 2000 wani Bature, Adrian Nicholas, ya haɗa ta bisa zanen, ya sauko da ita daga balan-balan a Afirka ta Kudu daga tsayin mita 3,000. Ta riƙe shi lafiya lau. Sai dai kafin ya kai ƙasa ya koma laimar zamani, don nauyinta ya haura kilo 80, tana iya danne shi.

Mafita ta zo a 1799, da George Cayley ya raba aikin biyu: fiffike ya tsaya cak ya ɗaga jirgi, wani abu dabam ya tura shi gaba. A kan haka 'yan'uwa Wright suka tashi a 1903.

A nan Kaduna aka harhaɗa jirgin horo na Air Beetle, a nan aka ƙaddamar da jirage marasa matuƙi, Gulma a 2013 da Tsaigumi a 2018. Ba kyan zane ya ɗaga su ba, lissafi ne da gwaji.

Ni ma na yi makonni ina gyara zanen furojet ɗina kafin in lissafa ƙarfin da motar ke buƙata, ashe bai isa ba. 'Yan'uwa ɗalibai, kafin ku kai kuɗin iyayenku Panteka sayen ƙarfe, ku fara tambaya: nawa ne nauyin, kuma daga ina ƙarfin zai fito?