Jifan Faifai: Ƙarfin Ba a Hannu Yake Ba

Sa'ad da na fara jifan faifai a filin wasanmu na nan Kagoro, da hannu kaɗai nake wurgawa, kamar yaro mai korar birai daga gona a gindin dutse. Faifan bai yi nisa ba, kafaɗata kuwa ta yi ta ciwo har na kasa rubutu a allo ran da aka zo duba koyarwata.

Faifan maza kilo 2 ne, na mata kilo 1. Hannu kaɗai ba ya iya masa. In kai badame ne, ɗora gefensa a kan gaɓoɓin ƙarshe na yatsunka, kada ka damƙe. Juya wa wurin jifa baya, nauyinka a kan ƙafar dama. Ƙafa ce ke fara juyawa, sa'an nan ƙugu, sa'an nan ƙirji. Hannu shi ne na ƙarshe, a miƙe, yana biye kamar wutsiyar bulala. Bari faifan ya sulluɓe ta kan manuniya yana juyi, a kwance, gama wanda ya tashi a karkace iska ke kā da shi.

'Yan'uwana, ran da za ku koya wa yara, ku tsai da su nesa a bayan mai jifa, kada kowa ya je ɗauko faifai sai kun ba da izini.